Ba Duk Abin da Ka Saya Ake Buɗewa Ranar Farko Ba

Wanda ya sayi cikakken bugun wasan Fallout: New Vegas ya kunna, mintunan farko ba sa wucewa sai saƙonni sun rufe masa allo. Wannan ya ce an zuba masa bindigogi da sulke a jaka, wancan ya ce an tsinci wata muryar rediyo tana gayyata zuwa gidan caca mai suna Sierra Madre, wani kuma ya ce ga ayarin fatake can yana neman ɗan rakiya zuwa kwarin Zion. Duk wannan kuwa jarumin wasan bai daɗe da farfaɗowa daga harbin da aka yi masa a ka ba, ko ƙauyen Goodsprings da aka yi jinyarsa a ciki bai gama sani ba. Abin da ya jawo wannan ruwan saƙonni shi ne ƙarin kayan da kamfani ke fitarwa bayan wasa ya shiga kasuwa, a sauke su ta intanet a haɗa da na asali, waɗanda 'yan wasa ke kira DLC. Waɗanda suka fara wasan a shekarar fitowarsa, 2010, ɗaya bayan ɗaya kayan suka riƙa iso musu, daga Disambar 2010 zuwa Satumbar 2011, da yawansu kuma sun riga sun ƙoshi da labarin asali kafin na farko ya zo. Mai saye a yau a dunƙule ake miƙa masa su, babu mai ce masa ga na gaba ga na baya.

A wasan ƙwallo ko na tseren mota wannan ba abin damuwa ba ne, don ƙarin riga ko ƙarin mota ba ya rushe komai. A wasannin da ake kira RPG ne abin yake da nauyi, saboda gininsu gaba ɗaya a kan girma yake. Ana ba ka jarumi mai rauni, ba kuɗi ba suna, ka yi ta rainonsa na sa'o'i 50 ko 100, kana tara maki kana hawa mataki-mataki, kana sanin mutanen wannan duniya da rigingimunsu, har dodon da ya kore ka da gudu jiya ya zama wanda kake kayarwa yau. Masu tsara wasa suna auna wannan hawa da kyau: maƙiyin da za ka fara gamuwa da shi, kuɗin da za su shigo hannunka, sirrin da za a ɓoye maka sai can gaba. Ƙarin kaya daga baya yake zuwa ya faɗo cikin wannan lissafi. Don haka tambayar da nake ganin ta dace a yi wa kowane ƙari guda ɗaya ce: sa'o'in da ke gabanka yake bukata, ko waɗanda ka riga ka kashe? Akwai wanda amfaninsa ke yawaita gwargwadon daɗewarsa tare da kai, wannan a buɗe shi da wuri. Akwai kuma wanda ba ya yin armashi sai ka zo masa da sani da ƙarfin da ka tara, wannan a yi masa haƙuri. Duk wanda ya san girki ya san da wuri ake jefa daddawa don ta dahu cikin miya, man shanu kuwa sai an zo ci. Tsadar ƙari da yawan yabon da ake yi masa ba su da hannu a wannan hukunci.

Abokan tafiya su ne hujja mafi bayyana ta buɗewa da wuri. A Mass Effect 3, wanda kamfanin BioWare na Kanada ya fitar a Maris 2012, akwai ƙari mai suna From Ashes da ke ba ɗan wasa Javik, wanda shi kaɗai ya rage daga wata al'umma da aka shafe shekaru 50,000 kafin labarin. Aikin da ake yi a tashe shi gajere ne, ana iya yinsa tun farkon wasan, kuma ba a cikinsa darajar ƙarin take ba. Tana cikin abin da ke biyo baya: Javik yana tofa albarkacin bakinsa a kan abubuwan da ke faruwa, yana musu da sauran ma'aikatan jirgi, in kuma aka tafi da shi duniyar Thessia kusa da ƙarshe, abin da yake faɗi yana sauya yadda ake fahimtar wurin. Wanda ya bari sai ya kusa kammalawa sannan ya je ya ɗauko shi, ya biya cikakken kuɗi ya samu guntu. Haka Zaeed da Kasumi suke a Mass Effect 2 na 2010, duk da cewa maganarsu ba ta kai ta Javik yawa ba. Muhalli ma a nan yake. Hearthfire na wasan Skyrim, wanda ya fito a 2012, yana ba mutum damar sayen fili da zinare 5,000 na cikin wasan, ya gina gida da hannunsa, ya ɗauki marayu biyu riƙo. Gidan da za ka riƙa komawa kana ajiye kaya tsawon tafiyarka ya fi gidan da ka gina ana saura kwana ɗaya ka bar garin. Kayan ado kuwa, irin sabon aski ko sabuwar riga, ba su cancanci dogon tunani ba. Tun sulken dokin da kamfanin Bethesda ya sayar a kan dala 2.50 a wasan Oblivion a 2006, wanda aka daɗe ana yi masa tsiya, har zuwa ƙananan kyaututtuka 16 da kamfanin CD Projekt Red na Poland ya raba kyauta wa masu The Witcher 3, yawancin irin waɗannan ba sa taɓa ma'aunin wasa. A sa su duk lokacin da aka ga dama.

Inda matsalar take da gaske shi ne makamai da sulke da kuɗin da ake zuba wa mutum tun bai yi komai ba, kuma a nan ne 'yan wasa suka fi cutar kansu ba tare da sun lura ba. Mu koma New Vegas. An tsara sa'o'insa na farko a kan talauci. Ana ba ka 'yar bindigar harbin ƙananan dabbobi, harsashi a ƙirge, hanyar arewa da ta miƙe zuwa birni kuma an cika ta da halittun da za su kashe ka nan take, don dole ka zagaya ta kudu, ta Primm da Nipton da Novac, kana koyon duniyar a hankali. A wannan zagaye kowace bindiga da ka tsinta labari ce, kowane ciniki da ɗan kasuwa shawara ce: in sayi magani ko in sayi harsashi? Ƙarin da ake kira Courier's Stash yana tattara kyaututtuka guda 4 da a da ake ba waɗanda suka biya kuɗin wasan kafin fitowarsa, ya zuba su duka a jaka lokaci guda, har da bindigar harba gurneti da sulken ƙarfe. Ba wai wasan ya zama ba ya buguwa ba ne, amma wannan talauci da aka gina farkonsa a kai ya tafi, ba kuma zai dawo ba, domin ba a talauta sau biyu a irin wannan wasa. A Fallout 3 abin ya fi haka tsanani. Ƙarin Operation: Anchorage na Janairun 2009 ana iya shigarsa da jarumi sabon fitowa, a ƙarshensa kuma a samu sulken da kusan ba ya lalacewa, tare da izinin sa irin wannan sulke, izinin da a labarin asali sai an yi nisa ake samu. Bayan nan duk sulken da ka tsinta a hanya shara ne. Sa'o'i masu yawa na murnar tsintuwa sun tafi a musayar sa'o'i kaɗan.

Ba masu kallo daga waje kaɗai ke ganin haka ba, masu yin wasannin ma sun gani. Lokacin da BioWare ya sake fitar da jerin Mass Effect a haɗe a 2021, ya sauya yadda ake samun makamai da sulken ƙari, aka mayar da yawancinsu shaguna ko aka sa sai an yi aiki kafin a same su, maimakon a tarar da su a ajiye tun daga farko. Kamfanin FromSoftware na Japan ya bi ta wata hanyar a Shadow of the Erdtree, ƙarin Elden Ring da ya fito a Yunin 2024. Ƙofarsa a rufe take sai an kayar da manyan maƙiya biyu, Radahn da Mohg, na biyun kuma a can cikin ƙarshen wasan yake ɓoye. Bayan an shiga ma, an ƙirƙiri wani ma'aunin ƙarfi na daban, wasu gutsattsari da ake tsintowa a sabuwar ƙasar, waɗanda albarkarsu ba ta aiki a wajenta. Wato sun tsare ƙarin daga mai zuwa da wuri, sun kuma tsare wasan asali daga ƙarfin ƙarin. Idan masu ginin da kansu suna ɗaukar wannan wahala, ɗan wasan da aka bar wa zaɓi a hannunsa yana da dalilin yin taka-tsantsan. Inda babu halin kashe irin wannan ƙari, akwatin ajiya yana nan: a zuba kayan a ciki, a dawo musu idan maƙiya sun kai matsayinsu.

Sai manyan surori na labari, waɗanda su ne suka fi tsada kuma suka fi jan rai. The Witcher 3 ya fito a Mayun 2015, Hearts of Stone ya biyo shi a Oktoban shekarar, Blood and Wine kuma a Mayun 2016. Wasan da kansa yana rubuta matakin da ya dace a shiga kowanne, 32 ga na farko, 34 ga na biyu, wato daidai inda yawancin mutane ke kaiwa a ƙarshen labarin asali. Mai taurin kai zai iya shiga magudanar ruwan birnin Oxenfurt da ƙaramin jarumi ya gamu da ƙaton kwaɗon da ke buɗe Hearts of Stone, kuma zai sha wuya. Amma wuyar faɗa ita ce ƙaramar asara. Blood and Wine bankwana ne da jarumin, Geralt. Ana kai shi Toussaint, ƙasa mai rana da gonakin inabi, bayan laka da yaƙin Velen, a ba shi gida mai suna Corvo Bianco, shi da ya ƙare rayuwarsa a kan hanya. A ƙarshe wani yakan zo masa ziyara gidan, kuma wanda zai zo ya danganta da zaɓin da aka yi a labarin asali. Wanda ya yi gaggawar zuwa tun bai kammala wancan ba, ya huta kafin ya gaji, ga shi kuma dole ya bar gidan ya koma neman 'yar riƙonsa Ciri da ya bari cikin haɗari. Labarin ya juye, kai a ƙasa.

New Vegas ya fi kowa nuna wannan, domin surorinsa 4 a sarƙe suke da juna da kuma labarin asali. Joshua Graham na Honest Hearts mutum ne da ake jin labarinsa a bakin mutane tun a hamadar Mojave, tsohon kwamandan rundunar Caesar da aka cinna wa wuta aka jefa a Grand Canyon bayan ya sha kaye a madatsar ruwa ta Hoover. Haɗuwa da shi ido da ido tana da nauyi ne ga wanda ya riga ya ji ana raɗe-raɗinsa, ya kuma ga irin ta'asar wannan runduna a Nipton. Elijah na Dead Money shi ne malamin Veronica, ɗaya daga abokan tafiyar da ake samu a wasan asali, wanda bai taɓa tafiya da ita ba kuwa tsoho ne kawai mai mugunta zai gani. Ulysses kuma, wanda ake haɗuwa da shi a Lonesome Road, tun a Primm ake fara ambaton wani ɗan aike da ya ƙi karɓar aikin da aka ba ka, sauran surori 3 kuma kowanne yana ƙara ɗan haske a kansa. Wanda ya fara da Lonesome Road ya karɓi amsa tun ba a yi masa tambaya ba. A Dead Money akwai ƙarin dalili: ana ƙwace duk kayanka a ƙofa, ba a fita sai an gama, don haka basirar da jarumi ya tara ce kaɗai ke shiga da shi, shi ya sa wasan ke gargaɗin a kai mataki na 20 tukuna.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗi, ai kuɗinsa ne, wasa kuma ba jarrabawa ba ne. Magidancin da ke samun sa'a ɗaya da dare bayan ya taso daga kasuwa, ko wanda wutar lantarki ce ke yanke masa lokacin wasa, ba lalle ne yana son ya mutu sau 10 a wuri ɗaya ba, ƙaƙƙarfan makami kuma yana rage masa wahala. Ban ga laifin neman sauƙi ba, sai dai akwai hanya mafi kyau ta samunsa. Yawancin waɗannan wasanni, in ban da irin su Elden Ring, suna da maɓallin rage wuya, kuma bambancin yana da girma. Rage wuya yana sassauta maƙiya ne ya bar tsarin girma yadda yake: bindigar da ka tsinta yau har yanzu ta fi ta jiya, kuɗi har yanzu suna da amfani, ana kuma iya mayar da maɓallin inda yake gobe. Makamin ƙari tsani yake karyawa, ya ɗora ka a sama ya bar ka ba abin hawa. Wanda ke buga wasan karo na biyu ko na uku, wannan magana ba ta hau kansa ba, don ya riga ya ci moriyar talaucin farko, yana da hakkin ya zo ya yi ɓarna yadda yake so.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Mutane da yawa ba sa kai ƙarshen waɗannan dogayen wasanni. Kasuwar wasanni ta Steam tana nuna kason 'yan wasan da suka cimma kowane matsayi, kuma a The Witcher 3 waɗanda suka kammala labarin asali ba su kai rabi ba. To idan an ce wa mutum ya ajiye Blood and Wine sai ƙarshe, alhali ƙarshen ba zai zo ba, an hana shi abin da a 2016 ya lashe kyautar gwarzon RPG na shekara a bikin The Game Awards, ya doke cikakkun wasanni. Wannan gaskiya ce, kuma CD Projekt Red ya yi mata tanadi: daga shafin farko ana iya zaɓar shiga kowane ƙari kai tsaye da Geralt da aka riga aka shirya a matakin da ya dace. Wanda ya san kansa, ya san ba zai yi sa'o'i 100 ba, gara ya bi ta wannan ƙofa da ya ja ƙaramin jaruminsa zuwa inda bai isa ba. Zai rasa wani abu na nauyin bankwanar, amma zai samu faɗa daidai ƙarfinsa, ajiyarsa ta asali kuma tana nan ba a taɓa ta ba in ya so komawa.

Akwai kuma ƙarin da ba ya zama a gefe ɗaya, kuma bai kamata a ɓoye shi don ma'aunin ya yi kyau ba. Phantom Liberty na Cyberpunk 2077, wanda ya fito a Satumbar 2023 da ɗan fim Idris Elba a ciki, babban labari ne, amma yana kawo sabon reshen basira da ke aiki a duk faɗin birnin, yana kuma iya buɗe wani sabon ƙarshe ga wasan gaba ɗaya. Yana bukatar sa'o'in baya, yana bukatar na gaba, shi ya sa aka dasa ƙofarsa a tsakiya, bayan ayyukan unguwar Pacifica, kuma a tsakiyar ya fi dacewa a shige shi. Old World Blues na New Vegas ma haka yake, domin yana ba da masauki mai kayan aiki da na'urar komawa can daga Mojave, abin da ke da amfani idan akwai sauran tafiya a gaba. Hearts of Stone ma yana da ɗan wannan hali: wanda ya gama shi kafin labarin asali ya ƙare, a ɗaya daga hanyoyin kammala shi yana iya roƙon wani mai suna Gaunter O'Dimm shawara game da Ciri. Idan ƙari ya haɗa fuska biyu, sai a duba wacce ta fi nauyi, a kuma duba inda masu wasan suka sa ƙofar, don ba kasafai suke sa ta a banza ba.

Jinkiri kuma yana da iyaka, kuma a nan ne mai bin shawarar haƙuri zai iya yin asarar da ta fi ta mai gaggawa. Ba kowane wasa ke barin mutum ya ci gaba bayan labari ya ƙare ba. The Witcher 3 da Skyrim suna bari. New Vegas ba ya bari: da zarar an shiga yaƙin ƙarshe a madatsar Hoover, wasan ya rufe, duk surar da ba a buga ba sai dai a koma tsohuwar ajiya. A Mass Effect 3, ƙarin Citadel na Maris 2013, wanda ke ƙarewa da walimar tsofaffin abokan yaƙi, ya fi daɗi idan an jinkirta shi har an tara duk wanda za a iya gayyata, amma dole a yi shi kafin farmaki a kan hedikwatar ƙungiyar Cerberus, domin daga nan ba a dawowa. Saboda haka kafin a ajiye wani ƙari a ce sai an jima, a fara gano inda wasan ke rufe ƙofa, a yi ajiya ta daban kafin a kai wurin. Ga mai sayen data da kuɗinsa, ko mai na'urar da wurin ajiyarta ya kusa cika, wannan tsari yana da wata riba ta gefe a wasannin da ke barin a sauke kowane ƙari daban: abokan tafiya da gidaje galibi ƙanana ne, manyan surorin labari su ne masu nauyi, kuma su ne za su iya jira har wata mai zuwa.